Shin sai a rubutun zube ake falsafa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko waƙa da labari za su iya ɗaukar falsafa, ko kuwa sai zube mai jero hujja. Suna ɗauka, amma kowanne da irin karatun da yake nema.

Dubi Aflatun, masanin falsafa na ƙasar Girka, wanda ya rasu wajen shekara ta 347 kafin haihuwar Annabi Isa. Tattaunawa ya rubuta, ya sa magana a bakin malaminsa Sukurat da abokan gardamarsa, shi kuma ya koma gefe. Shi ya sa har yau masana ke jayayya kan wace magana ce tasa. Wanda ya tsinko jimla ɗaya ya ce "ga ra'ayin Aflatun" ya yi gaggawa, don wataƙila mai maganar an kayar da shi a shafi na gaba.

Nan Zariya kuwa, saurari waƙar Imfiraji ta Aliyu Namangi. Tunani ne kan duniya, mutuwa da hisabi, amma ba da hujja yake kama ka ba, da kari da amsa-amo ne, har almajiri ya haddace. Sai dai baiti ba ya barin gurbin "amma fa", kuma ma'auni kan tilasta wa mawaƙi gajarta abin da ke buƙatar sharhi. A ganina, in gardama za ka kafa, zube ya fi.