Jar fitila ta kama a allon mota: amsoshin wasiƙunku

Wani matashi daga Kurna, mai ɗaukar buhunan hatsi daga Dawanau da tsohuwar Hilux, ya ce fitilar mai, jar nan mai kama da butar shayi, tana ƙiftawa in inji ya ɗau zafi a cunkoso. Makanikensa ya ce a cire ƙwan a huta.

Ƙanena, kada ka yarda. Fitilar nan ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin da famfo yake tura shi cikin inji take aunawa. Da ta kama, ka gangara gefen titi ka kashe mota, ka ba ta minti 5, ka zaro sandar awon mai ka goge, ka mayar, ka sake dubawa. In mai ya cika amma fitilar ta ƙi mutuwa, a ɗaura agogon awon ƙarfin mai a gurbin sensa, wato 'yar na'urar da take kunna fitilar. Wani lokaci sensar ce kawai ta lalace, abu mai araha. Wani lokaci kuwa famfo ne ya gaji ko metal, wato ƙarfen da sandar inji take juyawa a kansa, ya cinye, kuma in ka ci gaba da lodi har inji ya buga, kai ma ka san kuɗin da ake kira wa injin tokumbo a Ƙofar Ruwa yanzu.

Wannan cire ƙwan shi yake ci mini tuwo a ƙwarya. Da idona na ga an kwance allon wata a-kori-kura, ramin fitilu biyu an liƙe su da baƙin salatif, mai ita kuwa sati 3 ke nan da biyan kuɗinta. Wannan ha'inci ne, a ji tsoron Allah. Duk mai shirin sayen tsohuwar mota ya murɗa makulli kada ya tayar. Fitilar mai da ta batir da ta inji dole su kama, in an tayar su mutu. Wadda ta ƙi kamawa, a tambayi dillali ina ta shiga. Ga kuma jabun baƙin mai da ake ɗurawa a tsohon galan a mayar da marfi. Zafin Afrilu na dukansa sai ya tsinke kamar ruwa. Ku saya inda kuka sani, a buɗe a gabanku, in ya ƙare ku huda galan ɗin.

Wani Malam daga Hotoro ya ce allurar gudu ta kwanta, ko ya sayi sabon allo? A'a, Malam. Tsofaffin motocin nan waya ce take tasowa daga giyabos tana juya allurar. In lissafin kilomita ma ya tsaya, wayar ta tsinke ko ɗan haƙorin da ke juya ta ya cinye. In rawa allurar take yi, wayar ta bushe ko ta lanƙwashe. In taka mai sensa ce kuma tana da soket mai rami 16 a ƙasan sitiyari, wanda Amurka ta wajabta tun 1996, a sa mata kwamfuta. In kwamfutar ta nuna lambar P0500, sensar gudu take nufi ko wayarta.

Mai tambayar ko manyan tayoyi suna ƙara wa inji ƙarfi: ba sa yi. Sai ma allura ta riƙa nuna ƙasa da ainihin gudun da kake yi.

Sai Hajiya daga Gwammaja, wadda maigidanta ya rasu ya bar mata motar da ake ciyar da marayu da ita. Direba ya ce fitilar batir ta kama, hankalinta ya tashi. Allah ya jiƙansa, Hajiya, ya raya abin da ya bari. Ki kwantar da hankalinki, kada kuma a sa ki sayen batir tukuna. Altaneta, na'urar da take cika batir, ce ta daina caji, kuma sau da yawa fambel, bel ɗin da yake juya ta, ne ya saki ko ya tsinke. In ya tsinke kada a tuƙa, don a yawancin tsofaffin injuna shi yake juya famfon ruwa. Mai wayarin ya sa mita a kan batir inji yana aiki, a ga ƙarfin wuta kusan bolt 14. Ki tura ɗanki ya tsaya a auna a gabansa.