Tasirin fim ɗin Renée Richards a kan ra'ayin jama'a

Ka tambaya ko tsofaffin finafinai kan 'yan wasan da suka sauya jinsi sun canza ra'ayin jama'a. A ganina sun sassauta zukata, amma ba su kashe muhawarar ba. Fim ɗin Second Serve na 1986, inda jarumar fim Vanessa Redgrave ta fito a matsayin Renée Richards, 'yar wasan tanis da ta sauya jinsi daga namiji zuwa mace, ya zo ne shekara tara bayan wata kotun New York ta ba Richards damar buga gasar tanis ta US Open a rukunin mata.

Na kalle shi tare da wani abokina mai horar da 'yan wasa, kuma ya tausaya wa Richards ƙwarai, amma ana kashe talabijin sai ya koma kan tambayarsa ta ƙarfin jiki da adalci a filin wasa, wadda fim ɗin bai amsa masa ba.