Tambaya da Amsa: Na ce ina da ciki, manaja ya ce in ajiye aiki

Tambaya: Salam Barista. Shekarata 3 a wani kamfani, ba su taɓa ba ni takardar ɗaukar aiki ba, albashi dai yana shigowa ta banki duk wata. Satin da ya wuce na faɗa wa manaja ina da juna biyu, washegari ya kira ni ofis wai in rubuta takardar ajiye aiki da hannuna "don mu rabu lafiya". Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Kar ki rubuta komai, kar ki sa hannu a komai. Wannan "mu rabu lafiya" ɗin wayo ne, don ranar da kika rubuta to a takarda ba korar ki aka yi ba, ke kika tafi da ƙafarki, kuma ita za su ɗaga gaban alƙali.

Rashin takarda kar ya dame ki, a yawancin ƙasashe yarjejeniyar baka ma doka ta san da ita, wahalar dai wajen hujja take. Ki tara alat ɗin banki, katin shaidar aiki, saƙonnin WhatsApp da manajan ke turo miki, ki ajiye a wayarki ba kwamfutar ofis ba, don ita ake fara ƙwacewa.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da yarjejeniya mai lamba 183 ta shekarar 2000, ta ce hutun haihuwa kar ya gaza sati 14, ta hana kora saboda ciki, kuma in an kori mace mai ciki kamfani ne zai kawo hujjar cewa ba don cikin ba ne. Amma fa ba kowace ƙasa ce ta sa hannu ba, dokar ƙasarku ce za ta yi aiki, don haka ki garzaya ofishin ƙwadago ko wajen lauya da wuri, ƙarar aiki galibi tana da wa'adi.

Tambaya: Ma'aikacina ya fasa min na'ura, zan iya cirewa a albashinsa?

Amsa: Malam ba haka kawai ba. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 95 ta 1949 ta ce ba a taɓa albashi sai yadda dokar ƙasa ko yarjejeniya da ƙungiyar ma'aikata ta yarda. Ka fara jin ta bakinsa tukuna, sakaci ne ko tsautsayi.