Tambayi Likita: shuɗiyar ƙwaya, allurar testosterone da 'yan ɗaga ƙarfe

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan satin kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganin maza da allurar ƙarin ƙarfi, kuma kowa sai ya fara da "Likita dan Allah a sakaya sunana". Toh an sakaya. Wasu na rage musu tsawo, waɗanda suka yi kama da juna kuma na haɗe su.

TAMBAYA: Likita ina wuni. Maigidana shekararsa 58, yana da hawan jini da ciwon zuciya, akwai wata 'yar ƙwaya da yake sawa ƙarƙashin harshe in ƙirjinsa ya riƙe. Jiya ina ware kayan wanki na tsinci wata shuɗiyar ƙwaya a aljihun rigarsa, an rubuta sildenafil 100 a jikin takardar. Nauyin yi masa magana nake ji. Akwai matsala?

AMSA: Hajiya akwai, babba ma kuwa, kuma maganar nan ba ta jiran sai kin gama jin nauyi. Waccan ta ƙarƙashin harshe, in dai nitroglycerin ce ko isosorbide, aikinta ta buɗe hanyoyin jini don zuciya ta samu sauƙi. Ita ma shuɗiyar buɗe hanyoyin jini take yi, asalinta ma kamfanin Pfizer don ciwon ƙirji ya fara gwada ta, sai mazan da ake gwajin a kansu suka zo da wani labarin daban, shi ne a 1998 Amurka ta amince da ita da sunan Viagra. Kinga in suka haɗu a jiki ɗaya, jini zai faɗi warwas lokaci guda, mutum ya ga jiri, gumi ya keto masa, ya zube, wani ma daga nan sai dai addu'a. Ƙa'idar ita ce wanda ya sha sildenafil ba a ba shi waccan sai bayan awa 24, in 'yar'uwarta tadalafil ce wato Cialis sai awa 48, don ita tana kaiwa awa 36 tana aiki a jiki. Mai amfani da ta ƙarƙashin harshe kuwa gaba ɗaya ma ba nasa ba ne shuɗiyar.

Na taɓa kwanan aiki aka kawo wani dattijo wajen ƙarfe 1 na dare dafe da ƙirji, matansa biyu da babban ɗansa duk sun kewaye gadon. Na riga na buɗe baki zan ce a sa masa ta ƙarƙashin harshe, sai nas ɗin da muke tare, wata babbar Sista da ta girme ni a aiki nesa ba kusa ba, ta ce "Hajiya ku ɗan ba mu wuri za mu sa masa wayoyin gwajin zuciya". Suna fita ta ja labule ta sunkuya daidai kunnensa ta ce "Baba, ka sha maganin maza yau?" Ya yi shiru ya kalli silin, can ya ɗaga mata yatsa ɗaya. Muka canza magani. Tun daga ranar ban ƙara yi wa namiji wannan tambayar a gaban iyalinsa ba, don ƙarya zai yi min kuma ban ga laifinsa ba.

Ki samu lokacin da kuke ku biyu, kar ki fara da "me na gani a aljihunka", ki ce masa kin karanta cewa maganin zuciyarsa ba ya haɗuwa da irin wannan kuma tsoro ya kama ki. In ba zai yiwu ba ki raka shi asibiti ranar ganin likitansa. 100 ɗin ma ita ce mafi girma, da 50 aka saba farawa, dattawa da masu matsalar hanta ko ƙoda 25. Sannan raunin gaba a irin shekarunsa sau da yawa saƙo ne daga jijiyoyin jini, ko suga, ko ma wani daga cikin magungunan hawan jinin da yake sha wanda likita zai iya canza masa.

TAMBAYA: Ni ango ne, saura sati uku biki, kuma ina da sikila. Abokai sun kawo min wata zuma ta maza sun ce ba ta da sinadari, ta gargajiya ce zalla. In sha?

AMSA: Ango Allah ya sanya alheri, amma zumar nan ka bar wa abokan. Hukumomin kula da magunguna sun sha gwada irin waɗannan zuma da shayi da kofi na maza suna tarar da sildenafil ko tadalafil a ɓoye ciki, ba kuma wanda ya san adadin da aka zuba. Kai kuma mai sikila dama kana cikin haɗarin gaba ta miƙe ta ƙi kwanciya ko ba ka sha komai ba, don jinin kan maƙale a ciki. In hakan ta faru, da ciwo, ba tare da sha'awa ba, ta doshi awa 4, wannan emajensi ne kamar haɗarin mota, a tafi asibiti ko ƙarfe nawa ne. Kar a tsaya jiƙe-jiƙe ko jiran gari ya waye saboda kunya, naman wurin mutuwa yake in jini ya daɗe bai zagaya ba, kuma wanda ya kwana ya wuni a haka sau da yawa ƙarfin ba ya dawowa. Mu a asibiti ba sabon abu bane, ba wanda zai yi maka dariya.

TAMBAYA: Likita ni ɗalibar aikin jinya ce ajin ƙarshe. An turo ni asibitin da ake yi wa wasu maza allurar testosterone, wato sinadarin maza, ni dai ina ganin ana yi ne kawai a sallame su. Me ya kamata nas ta lura da shi?

AMSA: Sista kin yi tambayar da na fi so a satin nan. Tsira allurar ita ce mafi ƙanƙantar aikin.

Kafin a fara, ki duba fayil ki ga an tabbatar da ƙarancin ta gwajin jini, na safe ake yi kafin wajen ƙarfe 10 don lokacin ne sinadarin yake sama, kuma sau biyu a ranaku daban. Gajiya da rashin sha'awa kaɗai ba hujja bace, mai suga da mai ƙiba da mai damuwa duk haka suke ji. Ki auna nauyinsa da hawan jininsa ki rubuta, don maganin yana riƙe gishiri da ruwa a jiki, in ya dawo kika ga nauyi ya yi tsalle cikin 'yan kwanaki, ƙafa ta kumbura har kina danna yatsa yana lotsawa, ko yana haki in ya kwanta, a sanar da likita, musamman mai ciwon zuciya ko ƙoda. Ki tambaye shi fitsari: yana fita da ƙarfi ko sai ya yi yunƙuri, sau nawa yake tashi da dare. Mai kansar furostet (wani ƙullutu da maza ke da shi a ƙasan mafitsara) ko kansar nono ba a ba shi sam, shi ya sa ake gwajin PSA, wato gwajin jini na duba furostet, ga manya kafin a fara da kuma bayan an fara.

Wanda aka fi mantawa shi ne PCV, wato gwajin yawan jajayen ƙwayoyin jini. Mu nan mun saba da neman jini ya ƙaru, har murna majiyyaci yake in aka ce jininsa ya hau, amma testosterone tana sa jiki ya yi ta ƙera jajayen ƙwayoyin jini har jinin ya yi kauri, in ya haura kashi 54 ana dakatar da maganin saboda gudun gudan jini da shanyewar ɓarin jiki. A duba a wata 3 zuwa 6 na farko, daga nan duk shekara. Ki kuma tambayi sauran magungunansa, mai shan warfarin, maganin tsinka jini, jininsa zai ƙara tsinkewa, ki ce ya lura da dasashi mai zubar jini ko baƙin bayan gida, mai allurar insulin kuma sugansa na iya sauka fiye da yadda ya saba.

Ita allurar mai ce, mai kauri, a cikin tsokar ɗuwawu ake yin ta can ciki, a hankali, ana canza ɓangare. Irin su Sustanon 250 yawanci duk sati 3 ne, Nebido kuwa sati 10 zuwa 14. Wannan ta biyun kar ki tura ta da gaggawa, kuma kar ki bari ya ɗaura wando ya fice, ya zauna kamar rabin awa a gabanki, don wani lokaci ɗigon man yana shiga jini ya kai huhu sai ki ga tari ya turnuƙe shi nan take da gumi da riƙewar ƙirji. In yaro ne ake ba wa saboda jinkirin balaga, ana ɗaukar hoton ƙashin hannu duk wata 6, don maganin na iya rufe ƙashi da wuri yaron ya tsaya gajere. In mace ce, ki saurari muryarta duk zuwa, kaurin murya in ya zauna ba ya komawa, kuma mai ciki ba ta kusantarsa.

Sai abu na ƙarshe wanda ba a koyar da shi sosai a aji, ki tambayi matarsa in ta rako shi, ya halinsa a gida. Saurin fushi da rashin barci ita za ta fara gani, shi zai ce miki lafiya lau.

TAMBAYA: Ina ɗaga ƙarfe shekara biyu. Wani a wurin yana mana allurar Deca da ƙwayar Dianabol na gina tsoka, jiki ya buɗe sosai, amma yanzu nonona ya fara tsiro yana ciwo, ƙuraje sun cika min baya, fitsarina kamar shayi. Ko in daina kawai?

AMSA: Ɗan'uwa fitsarin nan shi ya fi tayar min da hankali. Je ka madubi a hasken rana ka ja fatar idonka, in farin ya koma rawaya shawara ce, hanta ce ke kuka, kuma Dianabol da 'yan'uwanta na haɗiya sun yi suna wajen cin hanta. Ka ajiye ƙwayar yau, gobe ka je a yi maka gwajin hanta da ƙoda da kitsen jini da PCV, a auna hawan jini, ka tafi da kwalayen a leda ka zube wa likita. Tunda wani ne ke muku allurar a haɗa da gwajin ciwon hanta na B da C da HIV, ban san sau nawa sirinji ɗaya yake zagayawa a tsakaninku ba, kai ma ba ka sani ba.

Nonon kuma jiki ne yake juya rarar sinadarin maza zuwa na mata, in aka bari ya daɗe ya yi tauri sai tiyata. In ka duba 'ya'yan marainanka ma zaka ga sun ragu, don ƙwaƙwalwa ta ga kaya na shigowa daga waje ta ce su huta. Shi ya sa bana so ka daina kai kaɗai a ɗaki ba mai bibiyarka, watannin farko akwai kasala da mutuwar sha'awa da baƙin ciki mai nauyi, wasu har tunanin kashe kai, nan ne da yawa suke komawa ruwa. Ka gaya wa wani na jikinka ya riƙa lura da kai. Ben Johnson da aka ƙwace wa zinaren tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Seoul a 1988 saboda stanozolol, wani dangin waɗannan magungunan, shi yana da koci da likita a gefe, kai fa, wani mai jaka a bayan gidan ɗaga ƙarfe.

Af, masu tambaya ko wannan shi ne sha-ka-fashe da 'yan mata ke sha don ƙiba, a'a, wancan galibi dexamethasone ne, dangi daban, ɓarnarsa daban, zamu yi nasa zaman.

TAMBAYA: An rubuta wa mijina testosterone na shafawa, muna da yarinya 'yar shekara 2 da ba ta rabuwa da jikinsa.

AMSA: Ya shafa da safe a kafaɗa da damtse, fata a bushe, ya wanke hannu da sabulu nan take, ya bari ya sha iska sannan ya sa riga mai rufe wurin kafin ya ɗauke ta. Ba a shafawa a gaba. Tawul ɗinsa da singiletinsa a ware. In fatarta ko taki ta taɓa wurin a wanke da ruwa da sabulu. In kika ga gashi ya fara fito mata a mara, ko ƙuraje, ko gabanta ya canza, ku kai ta asibiti ku faɗi sunan maganin. Tun 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta sa a buga wannan gargaɗin a jikin kwalin saboda yaran da abin ya shafa.

TAMBAYA: Shekara 4 da aure ba haihuwa, wani mai kemis ya ce in riƙa allurar testosterone maniyyina zai ƙaru. Na yi wata biyar.

AMSA: Malam an yi baya ba zane. Testosterone ta waje rage ƙwayoyin haihuwa take yi, wani har su ƙare ƙaf, an ma taɓa gwada ta a matsayin maganin tsarin iyali na maza. Ruwan zai fito kamar kullum kana ganin komai daidai alhali ba ƙwayoyi a ciki. Ka tsayar da allurar ka ga likitan mafitsara ko na haihuwa, a yi gwajin maniyyi bayan ka yi kwana 2 zuwa 7 ba saduwa. Ƙera sabon maniyyi yana ɗaukar wajen kwana 74, dawowarsa daidai bayan allura kuma kan ci wata 6 zuwa shekara, wani ya fi, don haka in gwajin farko ya fito ba kyau kar hankalinka ya tashi, za a maimaita. Kuma dan Allah kafin sakamakon naka ya fito a dakata da ɗura wa uwargida jiƙe-jiƙe, ku je asibitin tare da kwalin allurar a hannunka.