Muryar da aka rubuta: tablet zai kori laftof?

Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da yamma. Ƙanena, tun da safe na ji muryarka, aiki ne ya riƙe ni a shago. Ka ce za ka koma makaranta, kuɗinka na abu ɗaya ne, kuma ka ji ana cewa tablet na yanzu ya kamo laftof a ƙarfi, ko ka saya ka huta? Wani kuma ya ƙara da cewa nan gaba kaɗan laftof zai bi sahun kaset. To ni da nake kwance su kullum, ga abin da idona ya gani.

Maganar ƙarfi dai gaskiya ce. A Nuwamban 2020 Apple suka fito da cip ɗinsu M1, wato ƙwaƙwalwar na'urar, suka sa wa laftof ɗinsu MacBook Air. A 2021 suka ɗauko shi ɗin dai suka sa wa iPad Pro. A 2024 ma cip ɗinsu M4 a jikin iPad ya fara fitowa, sai bayan watanni Mac ta samu. Ka ga ƙwaƙwalwa ɗaya ce, riga ce daban.

Amma ku lura da inda M1 ɗin ya fito. Jikan cip ɗin waya ne. Tsarin ARM ne, wani kamfani a Ingila da ke zana tsarin ya ba wasu haya, na Apple kuma TSMC ke ƙera musu a Taiwan. Tun asali an saba amfani da shi ne a abin da ba shi da fanka, batirinsa ɗan mitsitsi, dole ya yi tattalin wuta kamar mai girki da ragowar gawayi. Tsarin Intel kuwa, x86, tun 1978 yake, ya girma ne a jikin soket, ya ci wuta ya ƙoshi fanka ta yi masa fifita.

Ranar da na fara buɗe Air mai M1 sai da na kira yaron shagona ya gani. Babu fanka sam. Allon injin ɗan siriri a can sama, sauran cikin duk batir ne. A gefe kuma ga wata tsohuwar laftof da aka kawo tana mutuwa da kanta, fankarta ta toshe da ƙurar hunturu, na zaro ta dunƙule kamar auduga. Nan na gane abin da ya faru: cikin tablet aka kwaso aka zuba wa laftof. Shi ya sa wanda ya tambaya ko tablet zai canza yadda ake zana cip, ai an riga an yi, ya wuce. Intel da kansu a 2020 suka fara haɗa manyan ƙwayoyi na aiki mai nauyi da ƙanana masu tattalin wuta a cip ɗaya, dabarar da ARM suka fito da ita tun 2011. Qualcomm, masu cip ɗin wayoyi, a 2024 suka fito da Snapdragon X don laftof na Windows.

Yauwa, to me ya hana tablet ɗin kansa cinye kasuwa? Manhaja. Microsoft sun gwada a 2012 da Surface RT, tablet mai ARM, Windows ce a ido amma ba ta ɗaukar manhajojin Windows da kowa ya sani. Shekara na zagayowa suka sanar da asarar dala miliyan 900 a kansa. Yau ma haka abin yake ta wani fannin. iPad ɗinka zai iya fin laftof ɗin malaminka gudu, amma in ya ce ku sa SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, don furojet, ba za ta hau ba. Excel akwai, sai dai in fayil ɗin yana da makuro, wato umarnin da aka rubuta a ciki yana aiki da kansa, makuron ba zai yi aiki ba. A 2025 Apple sun gyara yadda ake buɗe tagogi da yawa a iPad, ya yi kyau ƙwarai, amma duk da haka abin da suka yarje maka kaɗai za ka sa. Kibod kuma daban ake saye, alƙalami daban. Kafin ka gama haɗawa ka biya kuɗin laftof har da ɗoriya, kuma abin da ke gabanka a tebur laftof ne da ba ya zama daram a cinya.

Akwai kuma wanda ya fi ci min rai, don ya taɓa abincina. Wannan sabon tsari ram ɗin, wato inda na'ura ke riƙe aikin da take kai, a manne yake da cip, shi ne ma ke ƙara masa sauri da rage cin batir. Mu kuwa nan mun saba, ka sayi laftof ta hannu mai ram 4GB, in kuɗi sun samu ka zo in ƙara maka 8, in canza maka hadis, wato ma'ajiyar fayil, zuwa mai sauri da ake kira SSD, ta ƙara shekara uku tana aiki. Kwanaki wani bawan Allah ya kawo min mai 8GB in ƙara masa, na ce Alhaji babu ramin da zan sa. Ya zaci wasa nake, sai da na buɗe na nuna masa.

In karatun PDF ne, kallon lacca, rubutu da hannu, zane, ga NEPA yadda take, wallahi tablet zai yi maka, ka yi caji sau ɗaya ka wuni. In kuwa kwas ɗinka na lissafi ne ko injiniya ko koyon rubuta manhaja, laftof za ka saya, ko ta hannu ce, ka duba mai ramin ƙara ram.

Ka je wajen 'yan aji uku ko huɗu na sashenku ka tambaye su manhajojin da ake tilasta musu, ka turo min sunayensu ta firabet tare da nawa ne a hannunka. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga kasuwar waya ta Farm Centre, sai in duba maka farashi.