Ɗigo ɗaya tilo a saman jan layi

Ka ce ka gama nazarin GWAS (binciken dukkan DNA don gano wuraren da ke da alaƙa da cuta) da manhajar PLINK, ka zana hoton Manhattan (inda kowane ɗigo wuri ne guda a DNA, tsayinsa kuma ƙarfin alaƙarsa da cutar) da kunshin qqman a cikin manhajar R, sai ga ɗigo ɗaya ya tsallake jan layi a kromosom 6, kana tambaya ko ka kama abin da ke jawo cutar. Dakata tukuna, ɗana.

Jan layin nan yana kan p = 5×10⁻⁸, wato 7.3 a ma'aunin gefe na −log₁₀(p). Shuɗin da ke ƙasansa, 1×10⁻⁵, na "a sa ido" ne kawai. Sai dai SNP (wurin da harafi ɗaya na DNA ya bambanta tsakanin mutane) na gaskiya ba ya tashi shi kaɗai. Maƙwabtansa da ake gadonsu tare suna biyo shi a baya, sai ka ga hasumiya, ɗigo bisa ɗigo. Wanda ke rataye a sama babu kowa a ƙarƙashinsa, galibi kuskuren karatun na'ura ne, ko kuwa nau'in harafin ya yi ƙaranci ƙwarai a cikin mutanenka. Koma PLINK ka tace SNP marasa inganci da --maf 0.01, --geno 0.02 da --hwe 1e-6, ka ga ko zai tsira.

Kuma ka fara da wutsiya ka bar kai. Hoton QQ, mai gwada p ɗin da ka samu da wanda ake tsammani in babu wata alaƙa, shi ake fara dubawa. Ya kamata ɗigogin su kwanta a kan layin karkace, sai can ƙarshe su ɗaga. In tun daga tushe suka rabu da shi, akwai matsala. Lissafa lambda, ma'aunin kumburar sakamako: ɗauki adadin da ke tsakiyar jerin chi-square ɗinka, ka raba da 0.455. Kusa da 1 lafiya lau. Ya haura 1.1, ka fara zargin cewa masu cutar da masu lafiya ba asalinsu ɗaya ba, bambancin zuriya kake aunawa. Fitar da ma'aunan zuriya guda goma da --pca 10, ka mayar da su cikin lissafin ta --covar, ka sake gudu.

qqman na da sharaɗi: lamba zalla yake so a layin CHR na kromosom, don haka X ya zama 23, ka kuma share duk p da ya fito sifili ko NA.

In ɗigon ya tsallake duk wannan, kai shi LocusZoom, manhajar da ke faɗaɗa hoton yanki guda, ka buɗe kb 500 (harafin DNA dubu 500) hagu da dama. Nan ake yawan zamewa. Tabbatar ko wurarenka na GRCh37 ne ko GRCh38, wato tsohuwa da sabuwar taswirar DNA ɗin ɗan Adam. In ka yi kuskuren sauya su, sunan wata ƙwayar halitta daban zai bayyana a ƙarƙashin ɗigonka. Launin r², ma'aunin LD, wato yawan gadon maƙwabta tare, kuma daga rukunin mutanen kundin 1000 Genomes da ka zaɓa yake zuwa. Samfurinka na 'yan Afirka ne, zaɓi AFR, inda akwai Yarabawan Ibadan da Esan. LD a wurinmu gajere ne, hasumiyar kan yi siriri, launin Turawa zai ruɗe ka.

Sannan duba ko ɗigon ya faɗa yankin HLA na garkuwar jiki, wajen Mb (harafi miliyan) 28 zuwa 34 a kromosom 6. LD a can doguwa ce, ƙwayoyin halitta a cunkushe, wadda ta fi kusa da ɗigon ba lalle ita ce mai laifi ba.