Filin Tambaya da Amsa: Shin Gem ɗin Ƙwallo Yana Maguɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Samaru, ina buga EA Sports FC a PS4 ta intanet. Sau da yawa ina gaba da ci biyu, amma da an wuce minti na 70 sai 'yan wasana su yi nauyi, fasin ya riƙa faɗawa ƙafar abokin karawa, a farke har a ƙara. Abokaina sun ce kamfanin ne ke tsara wanda zai ci. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wannan zargi ya daɗe, har kotu ya je. A 2020 wasu masu buga gem a Kalifoniya ta Amurka sun kai ƙarar EA, kamfanin da ya yi gem ɗin, suna cewa yana sauya wahalar wasa a ɓoye domin a sayi 'yan wasa da kuɗi. A 2021 suka janye ƙarar bayan an ba su damar ganawa da injiniyoyin kamfanin. EA bai musa cewa ya mallaki irin wannan fasaha ba, amma ya ce bai sa ta a gem ɗin ƙwallo ba. A ganinmu, abin da kake kwatantawa ya fi kama da jinkirin sadarwa da gajiyar 'yan wasa, kuma duka biyun suna da magani.

Gem ɗin yana nuna hotuna 60 a kowace daƙiƙa. Lambar nan da ake kira ping, wadda ke fitowa kafin a fara wasa, ita ce lokacin da umarninka ke ɗauka ya je saba, wato kwamfutar kamfanin da ke haɗa masu wasa, ya dawo. Ana auna ta da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. In ta kai 150, to kimanin hotuna 9 sun wuce kafin abin da ka danna ya tabbata. A wannan ɗan tsakanin mai tsaron bayan da ka ga ya ba da hanya ya riga ya rufe ta. Kai kuwa sai ka ga kamar an karkatar da fasin da gangan.

Yawan gudun data ba shi ne abin dubawa ba, daidaituwar layin ita ce. Mai buga wasa da intanet ɗin wayarsa a Samaru bayan isha'i, lokacin da ɗalibai suka taru a kan turken sadarwa ɗaya, zai ga ping tana hawa tana sauka, kuma wannan ya fi babbar lamba mai tsayawa wuri ɗaya illa, domin hannu ba ya iya sabawa da shi. Ka haɗa PS4 da rauta, wato na'urar raba intanet, ta wayar LAN. In dole sai Wi-Fi, ka sani PS4 na farko zangon Wi-Fi na 2.4GHz kaɗai yake kamawa, Slim da Pro ne ke kama 5GHz, wanda ya fi ƙarancin cunkoso amma ba ya ratsa bango sosai. Ka dakatar da duk abin da ake saukewa, ka kuma cire sauran wayoyi daga layin.

Talabijin ma tana da nata laifin. Yawancinsu suna gyara hoto kafin su nuna shi, hakan na ƙara jinkiri. Ka shiga saitin hoto ka zaɓi Game Mode.

Sai batun minti na 70, wanda ba haka kawai ya zama minti na 70 ba. Wanda ya danne R2, maɓallin gudu, tun daga farko, ya kuma sa dabarar matsa lamba, zai iske ƙarfin 'yan tsakiyarsa ya ƙare a daidai wannan lokaci, kuma ɗan wasan da ya gaji gudunsa na raguwa. Ka canza biyu ko uku tun wajen minti na 60. In kana gaba, ka tsare da maɓallin L2, ka bar mai ƙwallo ya zo gare ka, kada ka jawo 'yan bayanka su bar gurbinsu. Mafi yawan cin da ake farkewa daga nan suke fitowa.

Akwai sa'a a cikin gem, ba mu musa ba: ƙwallo ta bugi ƙafa ta sauya hanya, ko gola ya saki wadda ya kamata ya riƙe. Amma ga gwaji mai sauƙi. Ka ɗauki ƙungiyar da kake bugawa da ita ta intanet ka buga da abokinka kuna zaune tare, ba intanet. In nauyin ya ɓace, ka san inda matsalar take.

Tambaya: Zan buɗe gidan gem a Tudun Wada da PS4 huɗu. Yara sun rabu, wasu na son PES, wasu FIFA. Wanne zan sa?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka. Sunayen nan biyu duk sun canza. Konami ta mayar da PES ya zama eFootball a 2021, shi kuma EA ya rabu da hukumar FIFA, FIFA 23 ne na ƙarshe, daga 2023 sai EA Sports FC. eFootball kyauta ake sauke shi, amma an gina shi ne a kan wasan intanet, ƙungiyoyin da mutum biyu za su zaɓa suna zaune tare kaɗan ne. Bai dace da kasuwarka ba. Ka sa FC a injuna uku, domin yana da Firimiya da La Liga da sunayensu da rigunansu na ainihi, abin da yara ke nema ke nan. Na huɗun ka sa PES 2021, wanda har yanzu manya da yawa suka fi so saboda wasansa ya fi natsuwa kuma gina hari daga tsakiya ya fi daɗi. Gyaran sunaye da riguna ana yin sa da filashi: a zuba fayilolin a jakar da aka sa wa suna WEPES, a shigar ta sashen Edit.

Abin da zai fi cin kuɗinka ba faifai ba ne, ƙura ce da ɗaukewar wuta. Da hunturu ƙura na toshe fankar PS4, ta yi ta ƙara, injin ya yi zafi ya mutu. Kada ka ajiye shi a ƙasa ko cikin akwati rufaffe, ka kai wa mai gyara ya share shi bayan hunturu. Ka kuma sa UPS, na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, tsakaninsa da janareta. In wuta ta yanke ana wasa har ya fara maƙalewa, ka kashe shi, ka danne maɓallin kunnawa kimanin daƙiƙa 7 har ya yi ƙara ta biyu, ka haɗa hannun wasan da injin ta wayar USB, ka zaɓi Rebuild Database. Wannan ba ya goge gem.

Tambaya: Ɗan wasana yana tafiya hagu da kansa ko ban taɓa komai ba. Daga Sabon Gari.

Amsa: Malam, matsalar sandar hagu ta hannun wasanka ce. A ƙarƙashinta akwai ɗan ma'aunin da ke gane inda ka karkata ta, datti ya shige shi ko ya cinye. Ka kashe hannun, ka ɗiga sifirit kaɗan a gindin sandar, ka jujjuya ta, ka bari ya bushe. Kada ka sa ruwa ko mai. In ya dawo bayan 'yan kwanaki, ma'aunin ya cinye ne, sai mai gyara ya cire sandar gaba ɗaya ya liƙa sabuwa da dalma, kuma ka gwada shi a gabansa kafin ka biya.